Wanda Ya Buɗe Kwamin

Aminu, Hadiza, Nura, wannan shi ne babin da na yi ta tsallakewa. Yarintata da koyon yankan gilashi da aurena da Ummanku, duk cikin wata biyu na rubuta su. Da na iso nan sai na rufe littafin na tura shi ƙarƙashin katifa, ya yi damina guda a can. Abin da kuka sani game da rasuwar Walida ba haka yake ba. Waɗanda na taɓa faɗa wa gaskiyar duk sun rasu, ni ma ga ƙafa ta fara kumbura, likita yana ta canza mini magani. Ku yi haƙuri in faro daga kifayen, don ta nan abin ya biyo.

Kun san shagona na Sabon Gari, a layin masu gilashi da madubi. Shagon da ke jikin nawa na Oga Emeka ne, Ibo haifaffen Sabon Gari, wanda idan yana Hausa ta bayan labule ba za ka ce ba Bazazzagi ba ne. Kifin ado yake sayarwa, ana kawo masa daga kudu cikin ledoji masu ruwa da iska. Wata rana babban akwatinsa na gilashi ya tsage, ya shigo mini a guje ruwa har gwiwar wandonsa. Na yanka masa sabon gefe, na haɗa da gam, muka kwashe kifayen a bokitai muna ta zamewa a ƙasa. Da aikin ya kammala sai ya zuba mini jajayen kifaye huɗu a kwalba, masu jela kamar mayafi, ya ce in kai wa yara. Na rungumo kwalbar a cinya cikin bas har Samaru. Ku yaran kwana uku kuka yi kuna kallonsu kuka gaji. Ni ne ban gaji ba. Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, kullum ina wuni cikin ƙarar janareta da cinikin mutane, ban taɓa sanin akwai abin da zan zauna a gabansa awa guda ban ce uffan ba kuma in tashi da sauƙi a ƙirji.

Emeka ya koya mini sauran. Ba a zuba musu ruwan famfo sai ya kwana a buɗe. Ƙoshi ya fi yunwa kashe su. Idan aka ɗauke wuta injin iska ya tsaya, sai ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana zubawa daga sama har wutar ta dawo. Da yake gilashi sana'ata ce, guntayen da suka rage a shago nake haɗawa, kafin shekara biyar akwatuna bakwai ne jere a ɗakin da ke kusa da zaure. Akwai na jajayen, akwai na wasu ƙanana masu haihuwar 'ya'ya da rai ba ƙwai ba, waɗanda sai ka yi sauri ka raba uwar da 'ya'yan don kada ta cinye su.

Kwaɗi kuwa ni na jawo su da kaina. Wata farkon damina ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke, ina dawowa ta bakin rafin Kubanni na ga wani ɗan kududdufi yana ƙafewa, cike da talibambam, 'ya'yan kwaɗin nan baƙaƙe masu kai da jela kawai, sun cunkushe cikin taɓon da bai fi faranti ba. Na kwashe su a leda na kawo gida. Na riƙa dafa musu ganyen alayyahu yana laushi ina jefa musu. Da idona na ga ƙafafun baya sun tsiro, sannan na gaba, sannan jelar ta riƙa komawa ciki har ta ɓace, wata safiya na tarar da ɗan kwaɗo kamar ƙwayar gyaɗa zaune a kan dutse yana kallona. Tun daga nan kowace damina sai na kwaso. Na san na gida masu ƙurajen baya, na san bududdugi, na san wasu korayen da ke hawa gilashi da tafin ƙafa.

Emeka ya yi ta yi mini dariya.

"Sule, kifi dai ana sayarwa. Kwaɗo wa zai saya?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"To na mene ne?"

Ni dai na ci gaba da kwaso su. A unguwa aka sa mini Sule mai kwaɗi, wasu ma suka ce akwai abin da nake yi da su. Ummanku ta sha jin wannan a gidajen biki, ba ta taɓa kawo mini ba, sai daga baya nake ji a bakin Hadiza.

Da akwatuna suka yi kaɗan sai na gina kwami na siminti a bayan kicin, can kusa da ƙofar baya mai fita lungu. Tsawonsa kamar tabarma biyu, zurfinsa ya kawo mini cinya. Na dasa bado a ciki, na jera duwatsu a gefe ɗaya, na zuba kifin karfasa. Ruwan yakan yi kore, Ummanku ta gano alayyahu da yakuwarta suna son sa, takan ɗiba ta yi ban ruwa a 'yan kunyoyinta da ke wajen. Shekara da shekaru kwamin nan yana nan a buɗe, ko kaza ba ta taɓa faɗawa ba.

Sannan kai Aminu ka auri Maryam, kuka zauna a ɗakuna biyun da ke gaba, aka haifi 'yarku ta fari ka sa mata sunan mahaifiyarka, muke kiranta Walida. Ummanku da ba ta taɓa kama sunanka ba don kunyar ɗan fari, sai dai ta ce yayansu, a kan yarinyar nan ta ajiye kunya. Ita ke goyonta, ita ke yi mata wanka, idan Maryam ta tafi makarantar da take koyarwa a hannunta ake barinta. Ranar da Walida ta fara takawa ka same ni a bakin kwamin bayan la'asar. Na tuna ka durƙusa kafin ka yi magana.

"Baba, da za a cike kwamin nan da ƙasa. Yarinyar nan ta fara tafiya."

"Ku ba a gabansa kuka girma ba? Wa ya faɗa?"

Ummanku tana tsinkar yakuwa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, lokacin da ka gina shi autanmu yana sakandare."

Na ji zafin maganar, don gaskiya ce. Amma ban cike shi ba. Na je wurin mai walda ya yi mini murfi na ragar ƙarfe mai buɗewa kamar ƙyaure, mai nauyin da yaro ba zai iya ɗagawa ba, na sayo kwaɗon kulle na maƙala. 'Yan makulli biyu ne, na riƙe ɗaya, na ba Ummanku ɗaya saboda ban ruwanta. Ta juya shi a hannu ta yi murmushi ta ce yau ga kwaɗo yana gadin kwaɗi. Kai kuma ka ja murfin da ƙarfi ka ga bai motsa ba, ka ce shi ke nan, Baba. Ba ka sake tayar da maganar ba.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan. Ni na koya wa Walida hanyar wurin. Kullum na dawo daga shago nakan saɓa ta a kafaɗa mu je, in buɗe murfin, in ɗebo talibambam a tafin hannu ta sa yatsa ta taɓa, ta ƙyalƙyale da dariya ta janye. Kifin Kaka take ce musu. Idan ta farka da safe abin da take fara nema ke nan. Maryam ta taɓa cewa cikin ladabi, Baba, kada ta saba. Na ce ai a kulle yake.

Ranar Talata ce, tsakiyar damina, Walida tana da shekara biyu da wata uku. Talibambam na shekarar sun fitar da ƙafa huɗu, kuma idan suka kai haka dole a kwashe su, in ba haka ba karfasa su cinye su. Bayan karin kumallo, kai da Maryam kun fita aiki, Ummanku tana ɗaki tana yi wa yarinyar wanka, na zaga baya. Na tarar da murfin a rufe, a kulle. Ku sake karanta wannan. A kulle na same shi. Da ɗan makullina na buɗe, na zare kwaɗon kullen na jefa a aljihun riga kamar yadda na saba, na ɗaga murfin na jingine shi da bango. Ina cikin kwashe su da rariya ina zubawa a robar fenti sai waya ta yi ƙara. Direban motar da ta kawo mini gilashi ne, ya ce ya tare layi, mutane suna zaginsa, in ban zo yanzu ba zai sauke kayan a bakin kwata ya tafi. Na ce ga ni nan. Na ɗauki robar na fita ta ƙofar baya, na tsaya a bakin rafi na juye 'yan kwaɗin cikin ciyawa, har na tsaya kallon yadda suke watsewa. Na bar robar a wurin na hau bas. Ko sau ɗaya murfin bai faɗo mini a rai ba.

Kafin azahar Hadiza ta kira ni daga gidanta. Muryarta ba ta rawa, shi ya fi ba ni tsoro.

"Baba, ka zo gida. Walida ce ta faɗa kwami."

"Tana ina?"

"Ka zo dai, Baba."

Na hau bas, mun wuce Kwangila kwandasta ya ce kuɗin mota. Na sa hannu a aljihu, abin da na fara taɓawa shi ne kwaɗon kullen, da sanyinsa. Ban fito da shi ba. Na riƙe shi a cikin aljihun har Samaru.

Na tarar da gida cike. An kai ta asibiti an dawo da ita, tana kwance a kan tabarma a tsakar gida an lulluɓe ta da mayafin Ummanku, ƙafa ɗaya ta leƙo da ɗan takalminta na roba. Maƙwabciya ce ta yi sallama a ƙofar gaba tana neman aron turmi, Ummanku ta je ta miƙa mata suka ɗan tsaya gaisawa, ta dawo ba ta ga yarinyar ba. Ta duba ɗakuna, ta leƙa waje, sai daga ƙarshe ta zaga baya, don a saninta can a kulle yake. Ita ta shiga ta ɗauko ta. Lokacin da na shigo zanenta a jiƙe yake har ƙirji, akwai ganyen bado manne a hannunta. Tana ganina ta taso, a gaban kowa ta ce:

"Malam, ni ce. Jiya da yamma na buɗe na ɗebi ruwan alayyahu, aka kira magariba na tafi. Ban rufe ba. Na yi ta tunani, ban tuna na rufe ba."

Kai Aminu kana tsugune a gefen tabarmar. Ka ɗago ka dube ni, idonka ja, ka yi mini tambaya ɗaya.

"Baba, kai ba ka leƙa ba da safe?"

"Ban leƙa ba," na ce. "Sauri nake yi."

Na sha tambayar kaina daga ina maganar nan ta fito. Ban shirya ta ba a bas. A bas abin da na shirya shi ne in faɗi ƙasa in ce ni ne. Amma na ga idonka, na tuna ranar da ka durƙusa ka roƙe ni, na ga kuma wani ya riga ya ɗauki kayan. Na ce a raina bari a yi jana'iza tukuna. Bayan la'asar aka sallace ta, kai ka rungume ta a hannu har maƙabarta, ni ina bayanka, ƙarfen nan yana dukan cinyata a kowane taku. Da muka dawo na ce bari a yi uku. Da aka yi uku na ce bari baƙi su ragu.

A kwanakin nan, da zarar masu gaisuwa sun ɗan sarara, Ummanku takan zaga baya ta durƙusa cikin kunyoyin alayyahu tana tona ƙasa da yatsu. Na same ta a haka rana ta huɗu.

"Me kike nema?"

"Kwaɗon kullen. Idan na ga inda na ajiye shi wataƙila in tuna yadda aka yi."

Na tsaya a kanta, abin yana aljihuna, don na kasa ajiye shi ko'ina a gidan. Na ce ta tashi ta bar wahalar da kanta, abin da Allah ya ƙaddara ya riga ya faru. Na kama hannunta na tashe ta. Washegari na je bakin Kubanni na wurga kwaɗon kullen tsakiyar ruwa.

Ranar bakwai na kwashe ruwan kwamin da bokiti. Karfasa na rabar wa maƙwabta, kwaɗin suka bi ta ƙarƙashin ƙofa suka shiga lungu. Na ari guduma na farfasa simintin ni kaɗai, na hana kowa taya ni, na cike ramin da ɓaraguzansa. Mutane suka ga haka suka tausaya mini. Wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci ya riƙe hannuna ya ce, Malam Sule, Allah ya saka maka, mun ji ko kalma ɗaya ba ka faɗa wa baiwar Allah nan ba, ba kowane namiji zai iya ba. Na ce amin.

Akwatunan bakwai na ɗauko a motar kaya na kai wa Emeka. Ya zo gaisuwa tun ranar farko da matarsa, ya san komai, ko in ce ya san abin da kowa ya sani. Muna sauke na ƙarshe ya ce in zauna. Ban san yadda aka yi ba na faɗa masa duka, har da inda na wurga ƙarfen. Da na gama ya ce:

"Sule, kada ka buɗe shago yau. Ka koma gida ka faɗa mata."

"Yaron zai tsane ni."

"Yanzu wa yake tsana?"

"Ba ka san yadda abin yake ba."

"Na sani. Ina da mata, ina da ɗa. Kifinka zan riƙe maka, ba zan sayar da ko ɗaya ba. Amma wannan da ka ba ni yanzu ba zan iya riƙe maka ba. Ka kai wa mai shi."

Na ce to. Na buɗe shago. Kullum da safe idan na zo sai ya tsaya a ƙofarsa ya dube ni, in girgiza kai, ya koma ciki. Daga baya na riƙa zagayowa ta ɗaya bakin layin don kada mu haɗu. Kafin shekara ta zagayo na tashi daga shagon na kama wani a Samaru, na ce muku hawa mota ne ya ishe ni. Shekara ashirin muna cin abinci a kwano ɗaya da mutumin nan. Da ya rasu a bakin wani mai madubi na ji, an riga an tafi da shi garinsu. Bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Kai Aminu ba ka taɓa ɗaga wa mahaifiyarka murya ba, wannan shaida zan ba ka ko a gaban wa. Kana gaishe ta kullum, amma daga bakin ƙofa. Tuwon da take aika muku yakan dawo yadda ya tafi. Bayan arba'in kuka koma Dogarawa, ka ce ya fi kusa da wurin aikinka, daga can kuma Kaduna. Allah ya ba ku wasu 'ya'yan biyu. Kukan zo da Sallah ku yi awa guda, Maryam tana riƙe da ƙaramin a cinya, babban yana tsakanin ƙafafunka. Sau ɗaya na ga Ummanku ta miƙa hannu za ta karɓi jaririn.

"Bar shi, Umma," ka ce. "Barci zai yi."

Ta mayar da hannuwanta cikin mayafi. Ba ta sake miƙawa ba, ba ga naku ba, ba ga na kowa ba. Ta daina zuwa suna. Da Hadiza ta haihu ta je ta yi mata kwana arba'in tana dafa ruwa tana wanki, amma ba ta yarda an bar ta ita kaɗai da jaririn a ɗaki ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne azumin. Wata uku da rasuwar Walida, Ummanku ta aiki Nura wurin wani malami ya tambayo mata hukuncin wanda ya yi sanadin rai bisa kuskure. Malamin ya ce ba lalle ne abin ya hau kanta ba, amma in tana son kwanciyar rai ta yi kaffara, wata biyu a jere. Ta ce za ta yi. Ga hawan jini, ga gyambon ciki da ta daɗe tana fama da shi. Hadiza ta yi kuka ta ce Baba ka hana ta. Na ce, Hajiya, ki duba lafiyarki. Iyakar abin da na ce ke nan. Ta yi kwana sittin ba ta sha ko ɗaya ba, kuma a cikinsu ita ke dafa mini abincin rana idan ina gida, ta kawo ta ajiye ta koma gefe da carbinta. Ina ci. Kullum da yamma nakan sayo mata kankana ko dabino na buɗa baki, ta karɓa da hannu biyu ta ce, Allah ya saka da alheri, Malam, kai kaɗai ne ba ka canza mini ba. Ranar da ta cika sittin ɗin zobenta ya zame daga yatsa ya faɗa cikin kwano.

Shekara shida ta yi a haka. Ba wai ban yi niyya ba. Na yi niyya a Arfa da na je aikin Hajji, na dawo na kasa. Duk shekarar da ta wuce sai abin da zan faɗa ya ƙaru, don yanzu ba murfin kaɗai ba ne, har da azumin, har da tashinku, har da kankanar.

Sai ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. A asibiti, rana ta uku, da hantsi, Hadiza ta fita karɓo magani, Nura ya tafi kawo ruwan zafi. Na ja kujera na kama hannunta na hagu, mai motsin. Na kira ta da sunanta na yanka, abin da na yi shekaru ban yi ba.

"Rabi, kin rufe kwamin nan. Kin kulle shi. A kulle na same shi da safe, ni na buɗe na tafi na bar shi. Abin da kika yi ta nema cikin alayyahu yana aljihuna."

Idonta yana kaina. Hawaye na bin gefen fuskarta, amma tun ranar da ta faɗi idon nan yake zubar da ruwa, ba zan ce na maganata ba ne. Hannun bai janye ba, bai kuma matse nawa ba. Na sake faɗa mata daga farko, a hankali. Na roƙe ta gafara. Leɓenta ya motsa, na kai kunne, iska kawai na ji. Hadiza ta shigo da ledar magani ta ce, Baba, matsa in juya ta. Likita ya ce mana wani lokaci tana fahimta, wani lokaci ba ta yi. Ta ƙara kwana tara. Kullum nakan zauna a wurin ina neman wata alama a fuskarta, ko ta fushi ce, ban samu ba.

Kai Aminu ka iso daga Kaduna an gama yi mata wanka. A maƙabarta, bayan mutane sun fara watsewa, ka matso kusa da ni ka ce:

"Baba, wallahi na daɗe da yafe mata. Faɗa mata ne na kasa."

Na dafa kafaɗarka na ce Allah ya ji ƙanta. A nan ma ban faɗa ba. Bayan arba'in ɗinta na yi azumin sittin ɗin a ɓoye, kuka ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni cin abinci, Hadiza ta yi ta aiko mini da kunu.

Aminu, babu abin da za ka yafe wa mahaifiyarka. Ta rufe, ta kulle, ta je ta yi sallarta. Ka faɗa wa Maryam haka, ka faɗa wa yaranka idan sun isa ji, su san kakarsu ba ta taɓa sakaci da ɗan kowa ba. Hadiza, ke da kika roƙe ni in hana ta azumi, yanzu kin san da kalma nawa zan iya hana ta. Da farko na yi nufin in bar littafin nan a akwati ku gani bayan an binne ni. Na gane wannan ma irin waccan dabarar ce, in faɗa wa wanda ba zai iya mayar mini da magana ba. Don haka na yage waɗannan shafukan, na ce Nura ya hau mota ranar Juma'a ya kai maka, Aminu, hannu da hannu, kada ya karanta a hanya. Ban tafi ko'ina ba. Ina gida, kuma kunnena yana ji sarai. Ka zo ka faɗa mini duk abin da ya kamata a ce ka faɗa tun ranar, ba sai ka durƙusa ba.